Tarihin Yadda Zanen Ƙididdiga Ke Hawa Takarda, Da Abin Da Yake Zubarwa A Hanya

 Yau ina so mu waiwayi tarihin wani abu da idonmu ya saba da shi har ya daina lura da shi, wato ɗan zanen nan na layuka ko na sanduna da ake sakawa a tsakiyar rahoto don a nuna hawa da saukar lambobi. Mu malaman lakwal na Nijar girafik muke ce masa, amma a nan zan kira shi zanen ƙididdiga. Yana cikin littafin labarin ƙasa na ƴan aji shida, yana cikin rahoton asibiti, yana cikin kundin da ɗalibin jami'a ke rubutawa kafin a ba shi digiri.

Zanen nan ba a inda aka haife shi ake karanta shi ba. Wani ne ya ƙirga, wani ya zana, wani ya jera rubutun da ke kewaye da shi, wani kuma ya buga. Tsakanin hannun mai zane da idon mai karatu akwai tafiya, kuma a kowane zamani akwai abin da ke zubewa a hanyar. Ga mu masu rubutu da Hausa, abin da ya fi saurin zubewa shi ne ƙugiyar haruffanmu. Zanen da aka sa wa take "ƙaruwar jama'a", in ƙugiyar ƙ ta faɗi a hanya, kowa ya san abin da ya koma, kuma ba malamin da zai so ya raba irin wannan takarda a aji. Don mu gane dalilin da ya sa har yau hakan ke faruwa, sai mun koma baya da nisa.

Zamanin da alƙalami ɗaya ke yin komai

A littattafan kakanninmu da aka rubuta da hannu, babu wannan matsala. Alƙalamin da ya rubuta kalma shi ne ya ja layi. Misali mai kyau shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, malamin lissafi da ilimin taurari, wanda ya tafi Hajji ya zauna a Alƙahira, ya kuma rasu a can a 1741. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimai, wato gidajen lambobin nan da ko ta wane gefe ka haɗa sai jimla ɗaya ta fito. Hatimi ba zanen ƙididdiga ba ne, amma matsalarsu a kan takarda iri ɗaya ce: layuka da lambobi ne da dole su zauna daidai a tsakiyar bayani. Mai kwafar littafi yakan bar fili, ya ja gidajen, ya cika su, ya ci gaba da rubutunsa. Tawada ɗaya, hannu ɗaya.

Maɗaba'a ce ta raba wannan aure. Wajajen 1450 Gutenberg ya fara bugu da haruffan dalma a birnin Mainz na ƙasar Jamus. Kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne, a jera su ɗaya bayan ɗaya su zama layi, layuka su zama shafi. Kalma ta samu sauri, amma layin da ya karkace ko ya hau ya sauka ba ya cikin akwatin haruffa. Dole a nemo masa wata hanya dabam.

Playfair da farantin jan ƙarfe

Mutumin da aka fi dangantawa da ƙirƙiro zanen ƙididdiga irin wanda muka sani shi ne William Playfair, ɗan ƙasar Sikotilan. Yana saurayi ya yi aikin zanen injuna a wurin James Watt, don haka hannunsa ya saba da ma'auni. A 1786 ya fitar da littafi a kan cinikin Ingila da sauran ƙasashe, mai zane 44. Guda 43 na layi ne, shekaru a kwance, kuɗi a tsaye. Ɗayan da ya rage na sanduna ne, kuma dole ce ta haife shi: alƙaluman cinikin Sikotilan da ya samu na shekara ɗaya ne tak, babu jerin shekarun da zai ja layi a kansu, sai ya ba kowace ƙasa cikin 17 sandunanta. A 1801 kuma ya fito da zanen faifai, da'irar nan da ake yankawa kashi-kashi.

To yaya waɗannan zane suka shiga littafi? Haruffan dalma kamar hatimin ofis suke, inda ya ɗago shi ke ɗaukar tawada. Farantin jan ƙarfe kuwa akasin haka ne. Masassaƙi zai bi layi da tsinin ƙarfe ya mayar da shi ƴar kwari, a shafa tawada ta shige kwarin, a goge saman farantin fes, sannan a danne takarda mai ɗanshi da ƙarfi har ta tsotso tawadar. Inji ɗaya ba ya yin aikin biyu. Saboda haka rubutu a buga shi a nan, zane a buga shi a can a takarda dabam, sai mai ɗinkin littafi ya haɗa su. In da launi, da hannu ake shafa shi, kwafi bayan kwafi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe a nan shi ne, kalmomin da ke cikin zanen, wato takensa da sunayen shekaru da na ƙasashe, ba su taɓa bi ta hannun mai jera haruffa ba. Masassaƙi ne ke sassaƙa su ɗaya-ɗaya, kuma a juye, kamar yadda rubutu ke fitowa a madubi. Tun daga ranar farko, rubutun cikin zane da rubutun cikin shafi ba gida ɗaya suka fito ba. Wannan rabuwa ita ce uwar matsalarmu ta yau.

Dutse, tutiya, da allunan Du Bois

A ƙarshen ƙarni na 18 wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ya gano bugu da dutse. Ana zane da tawada mai maiƙo a kan dutse mai santsi, a jiƙa dutsen, sai tawadar bugu ta kama inda maiƙo yake kaɗai, tunda ruwa da mai ba sa shiri. Wannan ya sauƙaƙa aiki ya kuma rage kuɗi. Da shi aka buga taswirar likita John Snow ta annobar amai da gudawa da ta faɗa wa wata unguwar Landan a 1854, wadda ta nuna gidajen mamata sun taru kewaye da famfon ruwa ɗaya. Amma har a lokacin zane na takardarsa dabam.

Wata sabuwar hanyar haɗa su ta zo daga birnin Paris. A 1850 Firmin Gillot ya samo dabarar sa ruwan asid ya cinye farantin tutiya ya bar layukan zane a ɗage, daga baya ɗansa Charles ya haɗa dabarar da ɗaukar hoto. Sai a kafe farantin a kan guntun katako har tsayinsa ya yi daidai da na haruffa, a ɗaure su tare a buga lokaci ɗaya. Faransawa na kiran wannan faranti cliché, kada ɗan Yamai ya ji ya ɗauka kilishi ake nufi. Daga nan aka samu sana'ar masu zane na maɗaba'a: su yi zanen da baƙar tawada, ya fi girman da ake so, a ɗauki hotonsa a rage shi. Sun san cewa in za a rage zane zuwa rabi, dole a rubuta haruffansa ninki biyu.

Launi kuwa ya daɗe yana da tsada, kuma akwai labarin da ke nuna haka. A 1900, shekara ɗaya bayan yaƙin da Sarauniya Mangu ta yi da rundunar Voulet da Chanoine a Lugu, an yi babban bajekoli na duniya a Paris. Wani malami baƙar fata daga Amurka, W.E.B. Du Bois, tare da ɗalibansa na Jami'ar Atlanta, sun kai alluna kimanin 60 da suka zana da hannu, masu launi, suna nuna yadda jikokin bayi suka samu ilimi da gonaki da dukiya cikin shekaru 35 da samun ƴanci. Aikin ya samu lambar zinariya. Amma da aka watse, allunan suka koma ma'ajiyar babban ɗakin karatu na majalisar Amurka. Sai a 2018 aka tara su cikin littafi guda mai launi, shekaru 55 bayan rasuwar Du Bois a Accra. Hujja ce mai ƙarfi a kan masu raina baƙar fata, amma da yake ba ta samu hanyar hawa shafi ba, mutane kaɗan ne suka gan ta a lokacin da aka fi buƙatarta.

Ƙugiya a Zariya, ronewo a Nijar

Mu dawo gida. Idan na ce Arewa, ina nufin tamu ta Dallol Mawri, ƙasar Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri, ba Arewacin Najeriya ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana wani yanki na da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, sannan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara iyakar, muka tabbata a hannun Faransa. Sakamakon haka lakwal ɗinmu ta zama da Faransanci, bugun Hausar boko kuwa ya bunƙasa a ƙetaren iyaka.

A farkon boko ba a daidaita yadda za a rubuta sautukan nan namu ba. Wasu na sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu na rataya masa ɗan waƙafi. A shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ta kai su gari-gari, kuma a 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya da maɗaba'arsa. Yin haka ba da baki kawai ba ne. Kowane sabon harafi sai an ƙera masa mazubi, babba da ƙarami, a kowane girman rubutu. Kuɗi aka kashe kafin ƙugiya ta hau takarda.

A Nijar kuwa, Hausa ta hau takarda ne ta hanyar yaƙi da jahilci da aka fara a farkon shekarun 1960, da ƙananan jaridun karkara irin su Sabon Ra'ayi ta Madawa. Taron Bamako na 1966 ya tsara rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma har da Hausa, a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, a 1999 kuma gwamnati ta fitar da dokar rubutun da muke bi yanzu, wadda a cikinta muke rubuta ƴ inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke rubuta 'y.

Injin da ya ɗauki nauyin yawancin wannan aiki shi ne ronewo. Duk wanda ya yi lakwal kafin fotokofi ta yawaita ya san warinsa. Akwai takarda mai kakin zuma da ake kira sitansil, a sa ta a tafireta a cire ƙyallen tawada, haruffa su huda kakin. In za a saka zane, mai bugawa ya bar fili, sai mushe ya ɗauki rula da ɗan tsinin ƙarfe ya ja layukan da hannu. In ya danna da ƙarfi takarda ta yage, tawada ta malale. In ya sassauta, layin ba ya fitowa. Tafiretocin kuma na Faransanci ne, suna da é da ç amma ba su da ƙ, don haka a buga k a zo a ƙara mata ƙugiya da hannu. Ina ɗan makaranta a shekarun 1990 na yi jarrabawa da irin waɗannan takardu, kuma a makarantar horar da malamai ta Dosso na tarar da tsofaffin malamai da hannunsu ya ƙware a wannan aiki ƙwarai. Duk da wahalarsa, ronewo na da alheri ɗaya: wanda ya ja layin ya san abin da layin ke nufi, kuma shi ne ya rubuta sunayen da ke jikinsa.

Da kwamfuta ta zo

A 1977 wani malamin Jami'ar Stanford, Donald Knuth, ya karɓi gwajin bugun littafinsa na ilimin kwamfuta bayan maɗaba'a ta bar dalma ta koma sabon inji. Munin lissafin da ya gani a shafin ya dame shi har ya ajiye littafin ya zauna ya rubuta manhajar tsara shafi da ya kira TeX, wadda ta fara aiki a 1978. Leslie Lamport ya gina LaTeX a kanta a shekarun 1980, kuma har yau da ita masana lissafi da kimiyya da yawa ke tsara littattafansu. Sai dai TeX ta gaji halin Gutenberg. Ta iya jera haruffa, amma zane sai ta bar masa akwatin wofi. Shekaru da dama marubuci na buga zanensa dabam, ya yanka da almakashi, ya manna a akwatin da gam kafin a kai maɗaba'a.

Abin da ya cike akwatin shi ne PostScript, wanda John Warnock da Charles Geschke na kamfanin Adobe suka fitar a 1984. Harshe ne da kwamfuta ke gaya wa injin bugu abin da zai zana, harafi ne ko layi. A 1993 kamfanin ya fito da PDF, ɗan wancan harshe. Kamar a zamanin masu kwafa da hannu, alƙalami ɗaya ya koma yin komai.

A nan ya kamata a fahimci bambancin da ya fi kowane muhimmanci. Kwamfuta na adana zane ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta ɗige-ɗige, kamar a jera ƙwayar gero a kan faifai: daga nesa layi ne, in ka matso ko ka faɗaɗa sai ƙwayoyin su bayyana. Haka JPEG da PNG suke, haka kuma hoton da ake ɗauka na fuskar waya ko kwamfuta. Ta biyu ita ce ta umarni, kamar ka ce wa magini ya ja igiya daga wannan turke zuwa wancan. Ko filin ƙarami ne ko babba, igiyar a miƙe take. Haka zanen da aka fitar kai tsaye zuwa PDF ko SVG yake, ko an mayar da shi girman allon aji ba ya dusashewa. Hoton mutum ko na gona ɗige-ɗige ya dace da shi. Zanen ƙididdiga kuwa layuka ne da haruffa, umarni ne gidansa.

Manhajojin zane ma sun samu. Excel ta fito a 1985. R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyuzilan a farkon shekarun 1990, kyauta ce ga kowa, kuma a 2000 aka fitar da cikakken zubinta na farko. Haruffanmu huɗu masu ƙugiya, manya da ƙanana, sun samu lambobinsu a tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990. A takarda dai, komai ya kammala.

Amma tsohuwar rabuwar nan ba ta mutu ba. Rubutun shafi wata manhaja ce ke jera shi, rubutun cikin zane kuma wata dabam, kamar dai mai jera haruffa da masassaƙi a zamanin Playfair. Ainihin hanyar da R ke fitar da PDF an gina ta ne a kan tsohon tsarin da ba ya ɗaukar fiye da harafi 256 a lokaci ɗaya, tsarin da aka yi don harsunan Turai. In ka rubuta ƙ ko ɗ a taken zanenka, takan sa ɗigo a gurbinsu. Maganin yana cikin R ɗin kanta, wata hanya ce mai suna cairo_pdf, sai dai ba kowa ne aka gaya wa ba. Masu LaTeX kuma suna da XeTeX, wadda Jonathan Kew ya fitar a 2004, mai karɓar haruffan Unicode kai tsaye. Zubin haruffa irin su Charis SIL da Andika da Noto da DejaVu duk suna da ƙugiyoyinmu, kuma ba a biyan ko dala.

Abin da ke zubewa tsakanin Kiyeshe da Dutsi

A nan Kiyeshe, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Kiéché, tafiyar zane a yau ga yadda take. Malami ko ma'aikacin lafiya zai haɗa alƙalumansa a Excel, ya ɗauki hoton fuskar kwamfuta ko ma ya ɗauka da waya, ya tura wa wani ta WhatsApp, wancan ya manna a Word, a sa a ƴar kile, wadda ƴan Najeriya ke kira filash, a kai wani shago a Dutsi a buga kwafi ɗaya, a yi fotokofin saura. A wannan ƴar tafiya abu huɗu ke zubewa.

Na farko tsabtar layi. WhatsApp na matse hoto don ya rage nauyinsa, sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Bugu mai kyau na son ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A4 faɗinta santimita 21, in ka bar gefe biyu da rabi dama da hagu saura 16, wato wajen ɗigo 1,900 ake buƙata daga wannan gefe zuwa wancan. Hoton da bai kai haka ba, 3 da 8 sai su zama ƴan biyu.

Na biyu launi. Ja da kore da suka bambanta sarai a fuskar kwamfuta, a fotokofi sukan koma toka iri ɗaya. Na ga rahoton da aka kwatanta cin jarrabawar maza da mata da layi biyu masu launi, da aka raba kwafin a taron iyayen yara ba wanda ya iya cewa ga na maza ga na mata. Masu zanen zamanin tutiya sun san maganin wannan: layi ɗaya a ja shi ɗoɗar, ɗaya a yanka shi gutsi-gutsi, a rubuta sunan kowane a jikinsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku gaskiyar siffa. Ƙidayar jama'ar Nijar ta 1977 ta ba da mutum miliyan 5.1, ta 1988 miliyan 7.2, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17.1. In ka zana su, layin zai hau. Amma in mai tsara shafi ya kama gefen zanen ya matse shi don ya shiga filin da ya rage, layin zai miƙe tsaye kamar bango. In ya ja shi ta faɗi, sai ya kwanta kamar ba abin da ke faruwa. Lambobi ba su canja ba, amma abin da ido ya gaya wa mai karatu ya canja. Hausawa sun ce gani ya kori ji, shi ya sa ƙaryar da ido ya gani ta fi wuyar gyara. Matsewar kuma na rage haruffa: zanen da aka yi da faɗin santimita 30 aka mayar 15, rubutunsa ya koma rabi, dattijo ba ya iya karantawa.

Na huɗu shi ne ƙugiya. In zubin haruffan da ka yi aiki da shi ba ya cikin kwamfutar shagon, kuma ba a ɗinke shi cikin fayil ɗin ba, sai ta musanya shi da wani, ƙ ta koma ɗan akwati ko alamar tambaya. Da yawa daga cikinmu, don gudun wannan, sun gwammace su bar taken zane da Faransanci ko da bayanin da Hausa yake, ko su rubuta kasa suna nufin ƙasa.

Me ya sa wannan ya dame ni? Dattawanmu suna da tasu ƙididdigar, da sunaye suke riƙe ta. Yunwar 1914 ana kiranta Kakalaba, ta 1984 kuma El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Masana kuma suna da tasu. Bayan farin farkon shekarun 1970 aka kafa cibiyar Agrhymet a Yamai a 1974, kuma zanen ruwan saman Sahel sananne ne a duniya: sanduna a sama a shekarun 1950, sannan su rufta ƙasa daga ƙarshen shekarun 1960, su kai maƙura wajajen 1984. Wannan zane tarihin kakannin ɗalibaina ne. Da damina Muryar Sahel na karanto milimitar ruwan da aka samu gari-gari, manomi na saurare. Ranar da na zana wa ƴan ajina irin wannan zane a allo da sunayen Hausa, na nuna musu ramin 1984 na ce su tambayi tsofaffinsu a gida, washegari kowa ya zo da labari. Amma allo ana gogewa. Abin da ke daɗewa shi ne wanda ya hau takarda, kuma a takarda wannan zane yawanci da Faransanci ko Ingilishi yake zuwa mana.

A watan Maris na 2025 sabon kundin tsarin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan siyasar abin, harshe ba ya zama na hukuma da sanarwa kaɗai. Sai ya iya ɗaukar rahoton kasafi da na ƙidaya da na ruwan sama, da zanensu da komai. Mutanen Zariya sun biya kuɗin ƙera mazubin ƙugiya a shekarun 1930. Mu an riga an ƙera mana, abin da ya rage sani ne kawai.

Don haka ga abin da nake roƙon ƴan'uwana malamai da masu shagunan bugu. Ka yanke girman zanenka tun kafin ka fitar da shi, daidai da filin da zai zauna, kada a zo ana ja ana matsewa. Ka fitar da shi a PDF, ka bar ɗaukar hotonsa. In dole sai hoto, to PNG mai ɗigo 300, a tura shi a matsayin fayil. Ka zaɓi zubin haruffa ɗaya mai ƙugiya, ka yi aiki da shi a rubutu da zane baki ɗaya, ka mayar da dukan takardar PDF tun a kwamfutarka kafin ka kai shago. Sannan ka buga kwafi ɗaya baƙi da fari, ka miƙa wa wanda bai san aikin ba ya karanta maka abin da ya gani, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantun horar da malamai kuma da za su ware wa wannan darasi ko da yini ɗaya ne, da an ga bambanci a takardun da ke isa ƙauyuka.

Wanda ya san wata dabarar da ban ambata ba, musamman masu aiki da waya kaɗai, ya taimaka ya rubuto mu ƙaru. Allah Ya ba mu damina mai albarka.